Baƙo Mai Kyamara da Baƙo Mai Fartanya: Wa Ke Cin Ribar Zuwansu?

Malam Habu, Marwa:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, kuma ina so mu tattauna ta cikin natsuwa. Kwanakin nan ina yawan jin ana cewa da zarar tsaro ya samu, masu yawon buɗe ido za su koma gandun dajin Waza da ƙauyen Rumsiki a nan arewacin Kamaru, arziki kuma zai biyo bayansu kamar dā. Ni baduku ne, a hannun mahaifina na gaji sana'ar, kuma na shafe shekaru fiye da 20 ina ɗinka jakunkuna da takalma da tintimi ina kai wa cibiyar masu sana'ar hannu da ke bakin babbar kasuwar Marwa. Saboda haka zamanin da ake kira na arziki ba labarinsa aka ba ni ba.

Gaskiya ne daga shigowar sanyi har zuwa tsakiyar bazara Turawa ba sa yankewa. Su kwana a Marwa, su wuce Waza kallon raƙuman dawa da giwaye, su hau duwatsun Kapsiki su zauna gaban bokan nan na Rumsiki mai duba da ƙaguwa, wasu su ƙarasa Pus su ɗauki hoton ɗakunan Musgum. Amma jakar da nakan kwana huɗu ina ɗinkawa, ba ni nake miƙa wa Bature ita ba. Mai rumfa ne yake karɓa a hannuna, shi kuma sai ya cire kason ɗan jagoran da ya kawo baƙon ƙofarsa, kuma da kunnena na sha jin an sayar da ita ninki huɗu na abin da aka ba ni. Majemin da ya wuni cikin ruwan bagaruwa da warin fata kuwa, nasa rabon bai kai nawa ba.

Ranar 19 ga Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga, huɗu daga cikinsu yara, bayan sun fito daga Waza. Kafin shekarar ta ƙare aka ɗauke wani limamin coci Bafaranshe, a watan Mayun 2014 kuma aka kwashe ma'aikata 'yan Sin goma a Waza. Daga nan Faransa ta shafa wa yankinmu jan launi a taswirar da take gargaɗin 'yan ƙasarta da ita, kasuwa ta mutu murus. Abin da na lura da shi shi ne, masu otal da masu manyan motoci ba su daɗe a ƙasa ba, domin ƙungiyoyin agaji sun zo sun kama ɗakunansu da motocinsu haya da kuɗi mai tsoka. Dukawa da maƙera da 'yan jagora kuwa, wasu sun koma tuƙa babur na haya, wasu sun gangara kudu ci-rani. Tambayata ita ce, idan Turawan sun dawo gobe, me zai hana a koma gidan jiya?

Alhaji Bello, Garwa:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Ina cikin mutanen da kake nufi, saboda haka bari in amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ina da motoci uku da nake bayarwa haya tun wancan zamani, kuma ba zan musanta cewa daga baya ƙungiyoyin agaji sun ɗauke su ba. Amma ka manta da abin da ke gaban riba. Motar da za ta iya shiga turɓayar Waza ta fito lafiya da bashi na saye ta, ni ne mai biyan haraji da inshora, kuma a watannin damina da babu baƙo ko ɗaya, albashin direba da na yaron mota daga aljihuna yake fita. A shekara biyun farko bayan sace-sacen nan na sayar da fili na biya banki. Wanda ya zuba jari ya ɗauki kasada, idan rabonsa ya fi yawa ban ga zalunci a ciki ba. A ganina ba yawon buɗe ido ne ya talauta kowa ba, Boko Haram ce ta yi, kuma ta taɓa mai mota kamar yadda ta taɓa baduku.

Hajiya Ladidi, Garwa:

Alhaji, ina ganin girmanka, amma zancen cewa ta taɓa kowa daidai bai shiga kunnena ba. Wanda ya sayar da fili ya biya bashi, ai yana da filin da zai sayar ne. Ba ma sai mun koma 2013 ba, mu duba abin da ya faru a nan garinmu lokacin gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, da rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau ya yi yawancin wasanninsa a filin Rumde Ajiya. Gari ya cika da 'yan uwanmu daga Yola da Mubi har da Kano, an gyara tituna, an kafa fitilu, an gina masaukai, kuma duk wannan alheri ne da ba wanda zai ƙi. Ni mai sayar da abinci ce, kuma da ni da abokan sana'ata mun ci bashi mun ƙara tukwane saboda zaton kakarmu ta yanke saƙa. Da lokacin ya zo sai aka tashe mu daga bakin manyan hanyoyi don kada mu ɓata wa gari kyau, waɗanda suka samu rumfa kusa da filin kuwa masu hanya ne a ofis. Maƙwabciyata mai gidan da take haya ya ba ta wa'adi ta tashi, wai zai gyara ya saukar da baƙi. Tunisiya ta fitar da Najeriya ranar 23 ga wata, washegari baƙi suka fara tattara kayansu, amma kuɗin hayar da aka ɗaga bai sauko ba har yau. Mu da muka ci bashi kuma sai da muka shekara muna biya.

Malam Isa, Lagdo:

Ina yi wa kowa sallama. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye da ke kudu da madatsar Lagdo, kuma ina so in kawo ɓangaren ƙaura cikin maganar, domin a nan Jihar Arewa ba za a iya raba ta da zancen baƙin farauta ba. A shekarun 1970 gwamnati da kanta ce ta shirya kwaso manoma daga duwatsun Mandara da filayen Arewa Mai Nisa, inda mutane suka yi wa ƙasa yawa, ta kawo su kwarin Binuwai ƙarƙashin shirin raya arewa maso gabashin Binuwai. Mafa da Tupuri da Giziga da Mundang suka zo da fartanyunsu. Kamfanin auduga na Sodecoton da aka kafa a 1974 ya ba su iri da taki bashi, da aka kammala madatsar Lagdo a 1982 kuma masunta suka biyo, Musgum da Kotoko da namu Hausawa. Shirin gwamnati ya daɗe da ƙarewa, amma ƙaurar ba ta tsaya ba, domin duk wanda ya samu gona sai ya aika wa ƙaninsa ya taho.

To, a wannan jiha ɗaya akwai manyan gandayen daji uku, Binuwai da Faro da Buba Njida, kuma an kewaye su da yankunan farauta da gwamnati ke bai wa kamfanoni haya, yawancinsu na Turawa. Idan aka haɗa gandayen da yankunan farautar, sun cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙasar jihar. Mafarauci yakan taso daga Turai ko Amurka ya biya kuɗin da manomin auduga ba zai tara ba a shekaru masu yawa, ya kwana biyu ko uku yana bin sawun ɓauna, ya harbe ta, a jeme masa kan a aika masa gida. Uban ɗalibina kuwa, idan aka kama shi da tarko ko aka tarar ya yi sassabe ya shiga iyaka, sunansa ɓarawon daji. Bafillatanin da shanunsa suka ratsa zuwa mashaya tara ce a kansa. Dukkansu baƙi ne a wannan ƙasa, amma ɗaya ana shimfiɗa masa tabarma, ɗaya ana kora shi da bindiga.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Manomin da ya yi ƙaura ba shi da takardar mallakar gonar da ya share da hannunsa. Jauro, wato mai garin, shi ne ya nuna masa ita, yana fitar da buhunan da ake kira zakka duk shekara ko da ba Musulmi ba ne, kuma ranar da wani mai kuɗi daga birni ya so filin, sai ya tashi ya ƙara nutsawa daji, inda zai yi karo da masu gadi. Tsarin da aka daɗe ana aiki da shi tun bayan dokar daji ta 1994 ya ce kuɗin hayar yankin farauta a raba shi uku, rabi na gwamnati, kashi 40 na ƙaramar hukuma, kashi 10 na ƙauyukan da ke maƙwabtaka. Shekarata 12 a ƙauyen nan, ajinmu na zana ne har gobe, kuma ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya iya gaya mini nawa ne wannan kashi 10 ɗin ba.

Malam Yakubu, Cholire:

Malam Isa, na yarda da rabin maganarka. Na yi karatu a makarantar kula da namun daji ta Garwa kuma na yi aikin gadin daji, saboda haka ina roƙon jama'a su ji ta bakinmu. A farkon 2012 mahaya dawakai daga Sudan suka shigo Buba Njida suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni, sai da aka turo sojoji. Wannan ba aikin manomi mai tarko ba ne, ba kuma aikin Bature mai lasisi ba. Kamfanonin farautar nan, duk da laifinsu, su ne suke buɗe hanyoyi a daji, suke biyan masu sintiri, suke ɗaukar 'yan ƙauye aikin bin sawu da fiɗa. Na ga yankin da mai haya ya bari ya tafi, kuma ba manoma ne suka gaje shi ba. Masu haƙar zinariya da masu gawayi da manyan garkuna na attajiran birni ne suka mamaye shi, cikin 'yan shekaru ko gada ba ka gani. Idan aka soke yankunan gobe, ina tabbatar maka ba uban ɗalibinka ne zai samu filin ba. Batun kashi 10 kuwa, a nan bakinmu ɗaya, sai dai tambayar ba a ƙofar mai farauta take ba, domin shi yana biya a baitulmali ya karɓi rasiɗi.

Malam Isa, Lagdo:

Na gode, Malam Yakubu, kuma ban ce a soke ba. Amma aikin da ka ambata na watannin rani ne kawai, kuma mai bin sawun da ya san dajin kamar tafin hannunsa ba ya taɓa zama shugaban sansani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ustaz Mahamat, Njamena:

Ina gaishe da 'yan uwa na ƙetaren Logon. Iyayena 'yan kasuwa ne a Am Timan, saboda haka zan yi magana a kan Zakuma, gandun dajin da ke kusa da garin a nan Chadi, wadda ake yawan kafa misali da ita. An kafa gandun a 1963. Tsakanin 2002 da 2010 giwayensa suka ragu daga wajen 4,000 zuwa ƙasa da 500 saboda masu neman haure, sai gwamnati ta miƙa tafiyar da shi ga ƙungiyar kula da gandayen daji ta African Parks a 2010. A watan Satumban 2012 aka auka wa masu gadi suna sallar asuba, aka rasa shida daga cikinsu, dukkansu 'yan ƙasa masu iyali. Tun daga nan an shawo kan kisan, giwaye sun koma haihuwa, kuma ba wanda zai ce ba a yi aiki ba. An keɓe sansanin da 'yan Chadi ke sauka ba tare da sun biya abin da baƙi ke biya ba, ana kawo 'yan makaranta su ga dabbobi, an gina ajujuwa a wasu ƙauyuka, kuma na'urorin sadarwar da aka raba wa ƙauyuka sun taimaka wa mutanen kansu wajen tsaro.

Duk da haka, ku bi hanyar kuɗin da kyau. Baƙon da zai biya dubban daloli don ya yi mako ɗaya a sansanin alfarma, tun yana ƙasarsa ya biya wani kamfanin tafiye-tafiye. Jirgi ya sauke shi a Njamena, ƙaramin jirgi ya ɗauke shi zuwa cikin gandun, ya ci ya sha a can, ya koma ta inda ya zo. Kasuwar Am Timan ba ta ga fuskarsa ba balle ta ga sefarsa. Haka abin yake a duwatsun Ennedi na arewacin Chadi, da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, bayan tafkunan Uniyanga da suka shiga a 2012. Ayarin motoci yakan taso daga babban birni da direbansa da kukunsa da buhun shinkafarsa, a tsaya a mashayar Arshe a ɗauki hoton raƙuma suna shan ruwa, a wuce. Matasan wajen da ba su ga abin yi ba, da yawansu filayen zinariya na arewa suke nufa, irin su Kuri Bugudi, inda rikici ya ci rayuka kusan 100 a watan Mayun 2022.

Zainabu, ɗaliba a Faransa:

Iyayena da yayyena, ina neman izini in sa baki, ko da yake ni ce ƙarama. Ni 'yar Ngaundere ce, kuma abin da nake gani a nan ya nuna mini cewa ko da baƙin sun yi yawa matsalar ba ta gushewa, sai dai ta sake kama. Tsohon birnin Benis na Italiya yana da mazauna wajen 175,000 a farkon shekarun 1950, amma a 2022 sun gaza 50,000, saboda gidajen sun koma masaukin kwana biyu, har a Afrilun 2024 aka fara karɓar yuro 5 daga masu shiga yini ɗaya a wasu ranaku. A Basalona magajin gari ya sanar cewa zuwa 2028 za a soke lasisin gidaje kusan 10,000 da ake bai wa masu yawon buɗe ido haya.

Wanda ya fi kama da zancen Malam Isa shi ne tsibiran Kanari na Sifaniya. Mazaunansu ba su wuce miliyan biyu da 'yan kai ba, suna karɓar masu yawon buɗe ido fiye da miliyan 15 a shekara, amma suna cikin yankunan da talauci ya fi yawa a ƙasar, kuma a Afrilun 2024 dubban mutane suka fito zanga-zanga saboda ma'aikacin otal ba ya iya kama ɗaki kusa da wurin aikinsa. A shekarar 2024 ɗin ce kuma mutane fiye da 46,000 suka isa tsibiran cikin kwale-kwale daga gaɓar Senegal da Muritaniya da maƙwabtansu, ban da waɗanda teku ta ci. A gaɓa ɗaya wani yana shanya jikinsa a rana, wani ana lulluɓa shi da bargon agaji. Waɗanda suka samu zama daga cikinsu, da yawa a wanke-wanke da aikin gona suke ƙarewa, a kan ladan da ɗan ƙasa ba zai karɓa ba.

Alhaji Bello, Garwa:

'Yata Zainabu, Allah ya ba da sa'ar karatu, kin kawo ilimi. Sai dai mai kukan ƙoshi da mai kukan yunwa ba asibiti ɗaya ake kai su ba. Su baƙi ne suka yi musu yawa, mu kuwa ko ɗaya muke nema. Ina tsoron kada mu zauna muna zagin abin da ba mu da shi, har wanda ya yi niyyar gina otal a Mokolo ya ji ya fasa.

Baba Alhaji Ɗanjuma, Kuseri:

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, jikana ne yake taya ni bugawa. Ina so in tuna muku wani abu kafin a ci gaba da kiran wasu baƙi. Mu Hausawan Kamaru da Chadi, wane ne a cikinmu kakansa bai zo da jaki ko da ƙafa ba? Wasu fataucin goro da fata da kanwa ya kawo su, wasu almajiranci, wasu kuma niyyar hajji suka ɗauro ta Barno suka tsallaka nan Kuseri, suka bi ta Wadai zuwa Darfur, guzuri ya ƙare a hanya suka zauna suka hayayyafa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'arsa zuwa gabas, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Duk zangon da kuka gani daga nan har unguwar Briketeri ta Yawunde, baƙi ne suka kafa shi.

Abin da ya tsayar da iyayenmu da ƙafafunsu shi ne sun tarar da maigida. Baƙo ya sauka a zaurensa, ya ci tuwonsa, maigida ya tsaya masa a ciniki ya ɗauki la'adarsa a fili kowa yana gani, bayan shekara biyu ko uku ya nema masa mata da rumfa, shi ma ya zama mai saukar da wasu. Ba na cewa babu cuta a wancan tsari, amma akwai tsani a cikinsa. Abin da na gani a Jidda ya sha bamban. 'Yan uwanmu da ake kira takari, wasu a can aka haifi iyayensu, su ne masu wanki da tura keken tsofaffin alhazai da sayar da abinci, alhali otal-otal masu tsawo suna ta tashi da kuɗin mahajjata. Da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda a 2021 da 2022, diyya ta bi takardar mallaka, mai haya marar takardar zama kuwa ya kwashi tabarmarsa. Muna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma mutumin da ya shekara 50 a wuri ana ce masa raɓa, ai an zalunce shi.

Malama Halima, Abeshe:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maganarka ta sa dole in faɗi abin da muke ciki a gabashin Chadi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako, yawancinsu mata da yara daga garin Aljunaina na Darfur, suka tarar da waɗanda ke sansanonin Farshana da Brejin tun rikicin Darfur na 2003 da 2004. Garin Adre na bakin iyaka da bai wuce mutum 40,000 ba ya ninka sau da dama cikin watanni. Babu mai yawon buɗe ido a nan, amma akwai irinsa ta wata fuska, wato ma'aikatan agaji masu farar mota da albashin ƙasashen waje. Ban raina aikinsu ba, domin da ba su zo ba da gawa ta fi haka yawa. Amma duk mai gida mai katanga da rijiya a Abeshe ya gane cewa ƙungiya za ta biya shi ninkin abin da malamin makaranta zai biya, kuma ni kaina an tashe ni daga gidan da na yi shekara tara a ciki. Abeshe dama garin ƙishirwa ne, yanzu jarkar ruwan da mai kura ke kawowa ta yi tsadar da mai ƙaramin albashi ke auna wanka. A ƙasa kuma, 'yar gudun hijira tana yin wanki ko dakon bulo a kan rabin ladan da matan gari ke karɓa, saboda yunwa ba ta ciniki. Sai talakar gari ta riƙa jin haushin talakar Sudan, mai gida da ɗan kwangila kuwa babu mai kallon inda suke.

Malam Adamu, Mokolo:

Malama Halima, kamar a garinmu kike zaune. Sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo da aka buɗe a 2013 yana ɗauke da 'yan Najeriya fiye da 70,000, kuma yana kan ƙasar da mutanenta dama ba su da wadatar gona. Rigimar farko a kan itacen girki aka yi ta, har sai da aka shiga dashen itatuwa da yin gawayi daga ɓawon gyaɗa da karan dawa. Mai babbar gona ya samu 'yan ƙwadago masu arha, ɗan kasuwa ya samu masu saye, amma matashin gari da ke rayuwa da ƙwadagon ya ga ladansa ya faɗi. Wasu tsofaffin 'yan jagoran Rumsiki da suka iya Faransanci da Ingilishi sun zama tafintoci da direbobin ƙungiyoyi, waɗanda ba su yi boko ba kuma, masu riƙe linzamin doki da mata masu saƙa da tukwane, babu wanda ya neme su.

Malam Habu, Marwa:

Na gode wa kowa, musamman Baba da ya tuna mana asalinmu. Alhaji Bello, ban ƙi baƙi ba, kuma ranar da motar farko ta sake tsayawa a bakin kasuwa ni ne zan fara shimfiɗa kaya. Ban kuma ce ribarka haramun ce ba. Abin da na fahimta daga bayanan 'yan uwa shi ne, ko baƙon ya zo da kyamara, ko da bindigar farauta, ko da farar motar agaji, kuɗinsa ta ƙofa ɗaya suke shiga, kuma masu tsaron ƙofar su ne mai takardar fili da mai mota da mai jin harshen baƙon. Idan kuma baƙon da fartanya ya zo ko da ƙunshin kaya a ka, nauyinsa a kan wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan yake sauka. Saboda haka nake cewa a gyara ƙofar tun yanzu da babu cunkoso. Mu dukawa da majema mun fara magana a kan mu kama rumfa ɗaya ta haɗin gwiwa, kowane kaya da sunan mai shi da farashinsa a rubuce, kuma yaranmu biyu suna koyon ɗaukar hoto da waya don mu riƙa sayarwa Duwala da Yawunde ba sai mun jira Bature ba.

Alhaji Bello, Garwa:

Wannan kam ba ni da ja a kansa, Malam Habu. Idan kun kafa rumfar, direbobina za su tsaya a ƙofarku, amma ka sani tun yanzu cewa ɗan jagora zai nemi kasonsa ko a rubuce ko a ɓoye, gara ku yanka masa shi a fili kamar yadda Baba ya ce ana yi a zango.

Malam Isa, Lagdo:

Malam Yakubu ya ce mai farauta yana biya ya karɓi rasiɗi, saboda haka akwai takarda a wani wuri. Ƙaramar hukumarmu za ta yi zaman kasafin kuɗi kafin ƙarshen shekara, kuma na shawo kan iyayen yara uku da jauron ƙauyenmu mu je tare mu tambayi nawa ne ya shigo daga yankin farautar da ke bayanmu a shekaru uku da suka wuce, da abin da aka yi da kason ƙauyuka. Malam Yakubu, kai ka san lambar yankin da yadda ake rubuta irin wannan buƙata da Faransanci. Ina roƙon ka turo mini ta akwatin saƙo kafin Juma'a, domin ranar Asabar ce kasuwarmu, kuma a ranar nake samun sa hannun mutane.